Jigon Kawu a Saint-Fons

Shekarun baya can, cikin shekarun tamanin, lokacin gashin kaina yana nan cif kuma ina ganin babu matsalar da lissafi ba zai warware ba, na yi karatun injiniya a Paris. A Sevran nake kwana, a wani ɗaki da muka raba ni da abokina, kullum da safe mu bi jirgin ƙasa zuwa makaranta. Ina da wata 'yar na'urar lissafi da ba na rabuwa da ita, ko masallaci za ni tana aljihun gaban rigata. Abokina yakan ce ko gishiri zan zuba a miya sai na danna ta tukuna.

Ina da kawu a Lyon, yayan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. Mutumin wajen Madawa ne, ɗan gidan masu garka, wato lambu kamar yadda wasunku suka fi sani. Ya zo Faransa tun ina rarrafe, yana aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, unguwar da ba ka ganin komai sai bututu da hayaƙi. A bayan layin dogo akwai wani fili da aka yanka ƙanana-ƙanana ana ba ma'aikata su yi shuka. Ƙungiya ce ke kula da shi, da shugabanta da dokokinta a rubuce. Kawu ya yi shekara shida sunansa yana layi kafin a ba shi nasa. Faɗinsa bai wuce tsakar gidan talaka ba, da 'yar rijiya a kusurwa, amma in ka ji yana ba da labarinsa sai ka rantse fadama guda ya gada.

Albasa yake shukawa, da yakuwa, da tattasai, da wata kuɓewa da ba ta taɓa wuce gwiwa ba saboda sanyin ƙasar, amma yana yi mata kirari kamar dabino. A masana'anta shi lamba ce a jikin kati, a gidan bene kuma ɗan haya ne. A garka ne kawai yake tuɓe takalmi ya taka ƙasa, ya ce wannan nawa ne. Duk wanda ya kai masa ziyara, kafin ya sha ruwa sai an kai shi ya gaishe da albasa.

To, a wata shekara sai bayansa ya riƙe. Likita ya ce wani abu ne ya goce tsakanin ƙasusuwan gadon baya, aka mayar da shi aikin zaune, aka kuma kafa masa doka: babu sunkuyawa da kaya, babu ɗaga abin da ya fi butar alwala nauyi. Na ji labari, na buga waya na yi masa sannu, na koma kan littattafaina. Ban kawo maganar garka a raina ba ko kaɗan.

Cikin watan Mayu matarsa, wadda nake kira Inna, ta kira ni. Ta taƙaita gaisuwa, abin da ba halinta ba ne, nan na san akwai magana.

"Jikin da sauƙi, ɗana," in ji ta, "amma ba jikin ne ya sa na kira ka ba. Takarda anka aiko daga wajen masu garka. Sun ce ciyawa ta ci wurin, shuka tana mutuwa. Dokarsu ce, wanda ya kasa kula da nashi a karɓe a ba na bayanshi. Asabar ta ƙarshen Yuni za su zo su gani."

Na tambaye ta ko ba wanda zai riƙa ba da ruwan.

"Ni na gwada. In na taso daga wankin asibiti in biya can in ja guga goma, hannuna ya mutu. Garka kuwa arba'in take so. Inji an hana, sun ce shina da ƙara. Famfon hannu ya gwada na maƙwabci, bugu uku baya ya kama shi. Yanzu sai ya tahi ya zauna bisa kujera shina kallon albasa tana kwantawa. Ko tuwo ya daina ci."

"To mi kike so in yi, Inna?"

"Ba kai ne mai karatun ƙarfe ba?"

Na yi kwanaki ina zana injuna iri-iri a bayan littafi, kowanne in na gama sai in ga yana son lantarki ko fetur. Ran nan malaminmu na darasin ƙarfi da motsi ya shigo aji da na'urar haska hoto. Darasin ranar a kan abin da suke kira levier ne, wato sanda da aka ɗora a kan matokari don ɗaga nauyi. Ƙa'idar ba ta da wuya. Nauyin da ke nesa da matokari ya fi tasiri a kan wanda ke kusa, shi ya sa ƙaramin abu a dogon hannun sanda yake iya rinjayar ƙato a gajeren hannu. Ka ninka nauyi da nisansa a wannan gefe, ka yi haka a wancan, gefen da ya fi shi zai yi ƙasa.

Sai ya kashe fitila ya haska wani zane da aka samu a bangon kabari a Masar, na mutanen zamanin Fir'auna. Mutum ne tsaye a bakin ruwa da ɗan zane a ƙugu, ga doguwar sanda a kan ginshiƙi, guga a gaba, curin laka a baya. Malam ya ce sunan abin shaduf, da shi suke ɗaga ruwan kogi zuwa lambunansu. 'Yan aji suka duƙufa suna kwafar zanen kamar an nuna musu abin al'ajabi. Ni kuwa dariya ta kusa kuɓuce mini, don jigo ne. Jigo sak, irin wanda na taso ina gani a garkunan kakanninmu, wanda ban taɓa yi wa kallo na biyu ba saboda a ganina kayan ƙauye ne.

Amma sai malam ya ɗora sandar nuni a gadon bayan mutumin, ya ce mu lura, bai sunkuya ba. Ba ɗaga ruwa yake yi ba. Igiya yake ja ƙasa da nauyin jikinsa, lakar da ke baya ce take ɗago masa cikakken guga. Ina jin haka dariyar ta tsaya mini. Ban ƙara fahimtar komai a darasin ba, bayan Kawu kawai nake gani.

A farkon Yuni aka samu hutun kwana uku, na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon da takardu uku cike da zane da lambobi. Muka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi mutanen Paris ɗaya bayan ɗaya, aka ci abinci, sannan na share tebur na baje takarduna da wata irin isa.

Kawu ya sa tabarau ya duba. "Wanga mi ne?"

"Shaduf ne, Kawu. Fasahar mutanen Masar ce ta dā, malaminmu ya kashe fitila ya haska mana hotonsa a aji."

Ya juya takardar, ya sake juyawa, sai ya ɗaga murya wajen madafa. "Ke, taho ki gani! An ɗauki ɗanki an kai shi Paris, Nasara ya kashe hitila ya nuna mishi jigo!"

Inna ta fito da ludayi a hannu tana dariya, ni kuma na yi tsuru-tsuru. Da dariyar ta lafa sai ya cire tabarau ya ce a hankali, "Kana tsammani ban yi tunaninshi ba? Tun ran da likita ya hana ni ɗauka nike tunaninshi. Amma wa za ya kafa mini? Kuma in na tsaida itace tsakiyar garkunan Nasara, su ce baƙon nan ya kawo musu ƙauye."

Na ce masa ai a jami'ar Paris ake koyar da shi yanzu, wa zai ce ƙauye? Wannan maganar ta ɗan yi masa daɗi, ya ce to a gwada.

Ranar Asabar muka samo itatuwa a wajen masu katako, gajeru biyu masu kauri da wata doguwar sanda. Na haƙa ramuka kusa da rijiya, ni da Inna muka tsayar da ginshiƙan, muka gitta ƙarfe a sama muka ɗora sandar, dogon hannu wajen rijiya, gajere a baya. Kawu yana kan kujera yana ba da umarni. Shi ya ce a kawo wani tsohon indararo a shimfiɗa daga bakin rijiya zuwa kan fangalin shuka, don in guga ya taso a tuntsurar da shi kawai ruwa ya bi hanyarsa, ba sai an ɗauka ba. Wannan ko a takarduna babu shi.

Da aka zo kan nauyin baya sai muka saɓa. Kawu ya ce laka ake sa wa jigo. Na ce, "Haba Kawu, wancan zamanin Fir'auna ne, yanzu akwai siminti." Na riga na lissafa komai, nauyin ruwa, nauyin guga, tsawon hannuwa biyu. Kuma da yake a makaranta an horar da mu cewa duk abin da ka lissafa ka ƙara masa wani abu a kai don kariya, sai na ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Na kwaɓa siminti na cika wani ƙaton gwangwanin fenti, na dasa zoben ƙarfe a samansa, na bar shi ya kama. Kawu ya dube ni ya dubi gwangwanin, ya ce, "To, injiniya."

Ranar Litinin muka rataya shi a ƙarshen wutsiyar sandar, ni da Inna muna nishi. Na naɗe hannun riga na kama igiya na ja. Guga ya ƙi sauka. Na ƙara ƙarfi, ya ɗan motsa. Sai da na rataya a jikin igiyar ƙafafuna suka kusa barin ƙasa sannan ya nutsa cikin rijiya. Da na ji ya cika sai na sassauta hannu, ina juyowa don in yi wa Kawu murmushin nasara. Wallahi ban ga tasowarsa ba. Siminti ya yi ƙasa da gudu, guga ya yi sama ya wuce kaina, ya juye mini ruwan gaba ɗaya. Na jiƙe sharkaf, har na'urar lissafin da ke aljihuna.

Kawu ya riƙe ƙugu yana dariya yana cewa, "Wayyo bayana, ku bar ni!" Inna ta juya baya wai kada in gani, amma kafaɗunta suna rawa. Ni ma daga baya na taya su, don babu abin da ya rage.

Muka kwance simintin muka gangara shi gindin shinge. Kawu ya sa na haƙo ƙasa mai danƙo a gefen rijiya, na kwaɓa ta da busasshiyar ciyawa kamar za a yi tubali. Ya sa muka ɗaure 'yan guntayen itace a wutsiyar sandar don laka ta samu abin kamawa. Sannan ya tashi ya tsaya bakin rijiya ya kama igiya. Ina manna laka curi-curi, shi yana ja yana saki. "Ƙara." In ƙara. "Ƙara dai." In ƙara. "A'a, ta yi yawa, tsakuro kaɗan." Mun fi awa ɗaya a haka.

"Jigon babana ba ya yi ma ƙanena," ya ce mini yana ja, "don ba nauyinsu ɗaya ba. Kai ka auna ruwa, ka auna itace, ba ka auna mai ja ba. Kuma ba a so laka ta ɗauke aikin duka. Kana ba ta naka ƙarhi sa'ad da kake ja ƙasa, ita kuma ta maido maka sa'ad da guga za ya hito. In ta fi ka ƙarhi, kai ne kake yi mata aiki."

Can sai ya daina cewa a ƙara ko a rage. Ya ja, guga ya sauka salin-alin, ya ɗan lanƙwasa gwiwa kawai bayansa a miƙe. Da guga ya cika, ya taɓa igiyar da yatsu, guga ya taso a hankali ya tsaya daidai ƙugunsa. Ya tuntsurar a indararo, ruwa ya gangara cikin albasa. Ya sake, ya sake. Itacen yana ɗan kuka a kan ƙarfe duk ja ɗaya, shi kuma fuskarsa ta canza gaba ɗaya. Rabon da ya ji wannan kukan tun yana saurayi. Ranar ya ba garka ruwa tas da hannunsa, ya kuma ci tuwo har da ƙari.

Na koma Paris ina hura hanci. Na gaya wa abokina cewa na farfaɗo da fasahar Masar a Lyon. Maganar wankan da na sha kuwa ban ga amfanin kawo ta ba.

Mako uku komai lafiya. Kawu yana ba da ruwa safe da yamma, yana cire ciyawa a durƙushe a kan tsumma, shuka ta miƙe. Abu ɗaya ne ya ɗan dame mu: wani maƙwabcin garka ya kai ƙara wai an yi gini ba izini, shugaban ƙungiya kuma ya aiko cewa ranar da za su zo zai duba itacen da kansa. Muka ce ba komai, ai zai gan shi yana aiki.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu, aka tafka ruwan sama a Lyon kamar da bakin ƙwarya. Juma'a da safe Inna ta kira.

"Laka ta narke, ɗana. Ba ta bar ko loma ba. Kan jigo shina cikin rijiya, wutsiya tana kallon sama. Na iske kawunka ya kama igiya za ya ɗaga da ƙarhinshi, na kwance guga na taho da shi gida cikin bas. Ka zo."

Ku ji abin kunya, mu uku babu wanda ya tuna cewa jigo kayan rani ne. A gida bayan kaka ake kafa shi, rana ta gasa lakar ta yi tauri, kafin damina ta faɗi an gama da shi. Lakar jigo ba ta san ruwan sama ba. A Lyon kuwa lokacin ban ruwa da lokacin hadari duk ɗaya ne. Kawu ya yi yadda ubansa ya koya masa, ni na manna da hannuna ina jin na koyi hikima, ashe duk mun manta a wace ƙasa muke tsaye.

Na bar darasi na kama jirgi. Da la'asar ina garka. Ƙasa ta zama kunu, in na manna curi sai ya zame ya faɗo, ga sama kuma har yanzu a haɗe. Na ce ko a zuba sabon siminti ƙarami, amma ba zai kama kafin safe ba. Na duba ko za a samu duwatsu a cika buhu, ƙasar wurin lukui ce, ko tsakuwar jifan kaza babu. Ruwan sama ya shayar da shuka, wannan gaskiya ne, amma ba shuka kaɗai za su duba ba. Za su ga mutum mai ciwon baya da wani itace marar amfani a tsaye, su ce a cire, su tambayi wa zai ba da ruwa a watan Yuli. Kawu yana kan kujerarsa yana kallon jigo.

Inna ce ta nuna simintin da ke gindin shinge da haɓa. "Wancan dutsen naka fa?"

"Ya yi nauyi, Inna, ai kin gani."

"Na gani. Amma dole sai can ƙarshe za a rataya shi? Muna yara, in munka ratayo garwar ruwa bisa sanda ni da yayata, sai ta riƙa turo ta wajena sannu-sannu. In ta matso gare ni kahwaɗata ta ji, ita kuma ta tahi tana waƙa. Garwa ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, wuri ne kawai ya sake. In an matso da dutsen nan kusa da ginshiƙi, ba ya rage ƙarhi?"

Nauyi sau nisa. Abin da aka fara rubuta mana a allo ke nan, abin da na cika takardu uku da shi. Na zo tun daga Paris ina tunanin yadda za a rage nauyi, ban tuna ana iya rage nisa ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na sa wuƙa na yi wa wutsiyar sandar tsaga-tsaga, tazarar yatsu uku tsakanin kowace. Muka ɗaura waya mai kauri a zoben, ni da Inna muka ɗaga muka rataya a tsakiya. Ta ɗauko guga daga jakarta ta mayar. Kawu ya tashi ya kama igiya.

"Matso da shi." Muka matsa tsaga ɗaya. "Ƙara." Muka ƙara. "Kun wuce, ku koma baya ɗaya." Ya ja, ya saki, ya sake ja. Guga ya taso ya tsaya daidai ƙugunsa. Ya ce, "Bar shi nan." Ya dubi Inna ya gyaɗa kai.

Asabar da hantsi suka iso. Shugaban wani dattijo ne gajere marar jiki, da hula mai baki da littafin dokoki a hammata, tare da wata mata mai rubutu. Ya zaga fangali ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuya ya murza ganyen yakuwa ya shinshina. Sannan ya zo ya tsaya ƙarƙashin jigo ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Da Faransanci ya yi magana, ba kwana-kwana.

"Monsieur, an ce mana bayanka ya hana ka aiki. Wa ke ba wannan shuka ruwa?"

"Ni," in ji Kawu.

"Nuna mini."

Ban taɓa jin tsoro a ɗakin jarrabawa kamar na wannan lokacin ba. Idona yana kan wayar nan, ina addu'ar kada ta zame daga tsagarta. Kawu ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya kama igiya. Guga ya sauka, ya taso, ruwa ya bi indararo. Na biyu, na uku. Ina ƙirgawa a zuci har goma, bai sunkuya ba, numfashinsa bai canza ba. Matar ta daina rubutu tana kallo.

Sai shugaban ya miƙa mata littafinsa ya ce shi ma zai gwada. Ya ja, guga ya sauko rabi ya tsaya, don bai kai Kawu nauyi ba. Na ga ya ɓata fuska. Kawu kuwa ko a jikinsa. Ya dube shi sama da ƙasa kamar tela, ya ce mini da Hausa, "Matso mishi biyu." Ni da Inna muka matsa. Dattijon ya sake ja, guga ya nutsa, ya taso masa a cike, da taɓawar yatsa kawai. Ya yi wata 'yar dariya irin ta mamaki, ya sake ja har sau huɗu, yana gaya mana cewa shi ma kafaɗarsa ta dama ta daɗe tana damunsa.

Ya karɓi littafinsa ya buɗe, ya karanta wani wuri, ya rufe. Ya ce a fahimtarsa gini shi ne abin da mutum ke shiga ko ya ajiye kaya a ciki, wannan kuwa kayan aiki ne kamar fartanya. Sharaɗi ɗaya ya kafa, a riƙa ɗaure sandar in za a tafi saboda iska. Ya ce wa matar ta rubuta cewa fili yana hannun mai shi. Ya ba Kawu hannu, suka wuce garka ta gaba.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, cikin laka, da wandon da na tanada don ranar. Inna tana ta "Alhamdu lillahi" tana share ido da bakin mayafi. Kawu ya jira sai da suka yi nisa, sannan ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro wata takarda a ninke ya miƙo mini.

Layi huɗu ne da Faransanci. Yana gode wa ƙungiya, yana sanar da ita cewa saboda rashin lafiya ya mayar da filinsa da kansa. Har ya sa hannu.

"Da guga ya ƙi tasowa, ita zan ba shi," ya ce. "Gara in bari da kaina da a kore ni gaban mutane."

Ya karɓe ta ya yayyaga, ya tura guntayen cikin laka da babban yatsan ƙafa, ya ce a zo a ɗaure sanda kamar yadda aka ce.

Na yi aiki shekaru masu yawa bayan haka, na kafa famfuna da injunan ban ruwa a wurare da dama, kuma tun daga ranar ban ƙara ɗaure kusar ƙarshe ba sai na kira wanda zai yi aiki da abin ya zo ya taɓa, ya ce a ƙara ko a rage. Wannan na koya, kuma ya raba ni da jin kunya sau da yawa. Amma ba shi ne yake dawo mini in na tuna ba. Abin da yake dawo mini shi ne, ni na ɗauki abin a matsayin wurin nuna gwaninta, labarin da zan ba abokina, alhali mutumin nan ya tsaya gaban shugaba da takardar sallama a aljihu, ya ja guga goma hannunsa bai yi rawa ba. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, sannan in yi ajiyar zuciya in gode wa Allah da wayar nan ba ta zame ba.

Kawu ya riƙe garkarsa har ya yi ritaya ya koma gida, Allah ya jiƙansa. Bai sake ɗaga maganar takardar ba, ni ma ban taɓa tambayarsa wa ya rubuta masa ba, don shi sa hannu kawai ya iya da boko. Ba sai na tambaya ba ma. Na gane rubutun tun a layin farko, na Inna ne. Ya roƙe ta ta rubuta, ta rubuta masa, sannan ta je ta ɗauki waya ta kira ni a safiyar Juma'ar nan.